A Tantance Ɗan Takara Kafin a Kaɗa Ƙuri'a

Masu iya magana na cewa rigakafi ya fi magani. Abin da ya faru a mazaɓar Assin ta Arewa da ke ƙasar Ghana ya ƙara tabbatar mini da gaskiyar wannan magana.

A watan Disamba na 2020, James Gyakye Quayson na jam'iyyar NDC ya ci kujerar majalisar dokoki ta wannan mazaɓa. Sai aka kai shi ƙara cewa lokacin da ya miƙa takardun tsayawa takara, har yanzu yana riƙe da shaidar zama ɗan ƙasar Kanada, alhali tsarin mulkin Ghana na 1992 ya hana wanda ke biyayya ga wata ƙasa zama ɗan majalisa. Babbar kotu ta soke zaɓen a 2021. Kotun ƙoli ta dakatar da shi daga aiki a Afrilun 2022, sannan a Mayun 2023 ta ba da umarnin a cire sunansa daga majalisa. Da aka yi zaɓen cike gurbi ran 27 ga Yuni, 2023, jama'a suka sake zaɓensa da fiye da kashi 57 cikin 100 na ƙuri'u.

To, jama'a, wa ya yi asara? A ganina talakawan mazaɓar ne. Sun yi sama da shekara guda ba mai yi musu magana a majalisa, kuma a lokacin manyan jam'iyyu biyu kowace kujera 137 ta ci, ƙuri'a ɗaya tak tana iya sauya doka. Ga kuma kuɗin jama'a da aka kashe wajen sake zaɓe, daga ƙarshe aka dawo da mutumin da aka cire.

Wani zai ce doka doka ce, dole a bi ta. Na yarda. Sai dai hukumar zaɓe ce ta karɓi takardunsa ta sa sunansa a takardar ƙuri'a. Mai zaɓe da ya sha rana a layi ba shi da hanyar binciken fasfo ɗin kowa.

Shawarata ita ce, a yanke wa kotu wa'adi ta gama duk wata shari'a kan cancantar ɗan takara kafin ranar zaɓe. Idan kuma an cire mutum bayan zaɓe, to a gaggauta cike gurbin cikin 'yan makonni. Allah Ya sa masu ruwa da tsaki su ji.