Gaisuwar ma sai da Faransanci?

A hutun da ya wuce na raka kawuna cikin garin Dogon Dutsi. Tun da asuba ya taso daga ƙauyenmu, can wajen Gesheme, ya sayar da wakenshi buhu biyu, kuɗi na aljihu, ciki kuwa babu kome sai furar safe. Na ce mishi yau ni zan ciyar da shi, kuma a restora mai tebur da kujera da fanka. Da na san abin da zai biyo baya, da na bar shi ya sayi tsirenshi a bakin tasha.

Munka shiga, Kawu ya yi sallama. Shiru. Yarinyar da ke zuba abinci ta manna waya a kunne tana sauraren saƙon WhatsApp. Ya matsa kusa ya ce, "Ɗiyata, ina wuni? Ina gajiya?" Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Mi kake so?" Ya tambayi tuwo, kafin ya rufe baki ta ce babu. A bango an jera sunayen abinci har da kaza da soyayyen dankali, amma duk wanda na karanto mishi, babu. "Shinkafa dai ta rage. Kuma in jikka biyar ce gare ka, ni ban da canji." Ta turo kwanon har miya ta fantsama a rigar da ya adana don shiga birni, ta wurgo cokali, ta koma ga wayarta.

Ba mu kai rabin kwano ba wani ya shigo, makullin mota a hannu, katin aiki rataye a wuya. Kalma guda ya ce: "Bonjur." Wallahi kamar an canza yarinyar. Ta miƙe, ta aje waya, "Bonjur mushe, bon aribe," ta goge tebur, ta kawo ruwan wanke hannu. Kazar da anka ce mana babu, sai ga ta tana tururi. Kawu ya dube ni ya ce a hankali, "Wagga ɗiya lahiya take kuwa?"

Lafiyarta lau, Kawu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Kullum in anka tada zancen wulaƙancin gidajen abinci, sai a ce yaran yanzu ba su da tarbiyya. Ban yarda ba. Marar tarbiyya kowa yake yi wa rashin kunya, ba ya zaɓe. Wannan yarinya ta san gaisuwa, ta san fara'a, ta san a kawo wa baƙo ruwa. A gabanmu ta yi su duka. Abin da ta koya a wurin aiki shi ne auna mutum kafin ta kashe mishi ladabinta, kuma ma'aunin farko shi ne abin da ya fito daga bakinshi. Wanda ya ce "bonjur" babban mutum ne. Wanda ya ce "ina wuni" da Hausar gari a yi mishi dai-dai wa daida. Wanda kuwa ya buɗe baki da Arewancin ƙauye, da "hwa" da "wanga" da "na tahi", ya jira.

Don kada a ce zato nake, washegari na koma ni kaɗai, da rigar jiya, na yi odar abinci da Faransanci. An ce mini mushe. (Mu da muke karatun harshe mun san abin da "mushe" ke nufi da Hausa in an karkata murya kaɗan, amma mun fi son a kira mu da shi a kan a ce mana malam.) An goge mini tebur. Na ci, kuma ban ji daɗin abincin ba, don na gane ni ma na sha yin wannan dabara a Yamai in ina son a saurare ni da wuri. Mu ɗalibai muna cikin masu ɗaure wa abin gindi.

A aji an koya mana cewa Malinowski, tun 1923, ya nuna akwai maganar da ba labari take ɗauke da shi ba, aikinta kawai ta ƙulla mutum da mutum. Kawu bai tambayi gajiyar yarinyar don yana son rahoto ba. Cewa yake: na gan ki, ke mutum ce, ni ma ki gan ni. Aka kuma koya mana Brown da Levinson, waɗanda sunka gina nazarin ladabin magana bisa abin da sunka kira fuska. Na yi dariya ranar, don kakata da ba ta taɓa shiga lakwal ba ta san cin fuska, ta san shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ilimin namu ne tun asali. To yaya anka yi a tsakiyar Arewa, tsoho ya gai da yarinya da harshen uwarta ta amsa mishi da "mi kake so"?

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya cikinshi. Yawancin yaran nan daga ƙauyuka kamar namu anka ɗauko su. Tun sanyin safiya suna tsaye, ga wanke-wanke, ga hayaƙi, ga motocin Yamai da Ƙonni da Maraɗi da ke sauke fasinja a gaggauce kowa na ihu a zuba mishi. Masu saye su ma ba waliyyai ba ne. Akwai mai kiran mace da "ke!" kamar akuya ta shiga gona, akwai mai tsaki, akwai mai kai hannu inda bai kamata ba. Wanda ya sha wannan tun safe, fuskarshi za ta ɗaure. Na yarda. Amma gajiya ba ta jin Faransanci. In gajiya ce ta hana a amsa wa Kawu, don mi ta gushe da mai katin wuya ya shigo?

Shi ya sa babban laifin nake aza shi ga masu gidajen. Su ke tsawata wa yaro in ya ɓata wa ma'aikaci rai, su kau da kai in manomi ne. Su ke ɓoye kaza don "manyan baƙi". Yarinya ta lura da wanda ake yi mata faɗa a kanshi, ta daidaita fuskarta. Lissafin nasu ma bai fita ba: ma'aikacin wucewa yake, wata ƙila ba ya sake tsayawa Dutsi sai baɗi. Mutanen Matankari da Kiyeshe da Tibiri da Dumega su ke cika garin kowace ranar kasuwa, da kuɗin wake da gyaɗa da bisashe a aljihu.

A 2025 an rubuta cikin kundin sake gina ƙasa cewa Hausa ita ce harshen ƙasar Nijar, Faransanci da Ingilishi na aiki ne. Mun yi murna a jami'a, mun yi ta muhawara a kan yadda za a koyar da ita da yadda za a rubuta ta. Babu wanda ya tambayi ko mai jin ta kaɗai zai iya samun kwanon abinci da mutuncinshi a garin da kusan kowa da ita ya tashi.

Da munka fito Kawu bai ƙara maganar ba. Ya biya wa kanshi, ya hana ni sa hannu a aljihu, har ya yi wa yarinyar sai an jima, ba ta amsa ba. A hanyar tasha ya tsaya wurin wata tsohuwa mai fura, sunka gaisa tun daga gida har damina har bisashe, ta dama mishi ta dala ashirin, ya zauna bisa benci ya sha. Na ce, "Kawu, ba ka ƙoshi ba ne?" Ya ce, "Na ƙoshi. Gobe in ka ce restora, ka tahi kai ɗaya."