Mai Doki da Mai Kai Ƙara a Ƙasar Ingila

Duk wanda ya taɓa riƙon doki ya san ba ƙaramar ɗawainiya ba ce: ga harawa, ga dusa, ga kanwa, ga sharar barga safe da yamma. To, a ƙasar Ingila akwai wata ɗawainiyar da ake ɗora wa masu dawaki bisa wannan, watau ta wanke kai daga ƙarar ƙarya. Mutum yana zaune lafiya da dabbarsa, sai wata safiya ya tarar da takarda maƙale a ƙofar shingen filinsa, an rubuta cewa sufeto ya zo bai same shi ba, don wani ya buga waya ya ce ana azabtar da dokin nan. Wane ne ya buga? Ba za a gaya masa ba. In ya yi sa'a, maganar ta mutu ke nan. In kuwa mai ƙarar maƙwabci ne da suka yi rigimar iyaka, ko wanda ya yi tayin filin aka hana shi, to, kafin wata ya zagayo wata takardar za ta sake zuwa.

Abin yana da asali, kuma asalin nasa na kirki ne. Cikin 1822 wani ɗan majalisa mai suna Richard Martin ya sa aka kafa dokar hana zaluntar dawaki da shanu da tumaki, a zamanin da mai keken doki kan yi ta zabga wa dabbarsa bulala a titin London har ta faɗi. Cikin 1824 aka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi, wadda Sarauniya Victoria ta ba ta lambar sarauta cikin 1840, ita ce ake kira RSPCA. Dokar da ake aiki da ita a Ingila da Wales ita ce ta 2006, wadda ta ɗora wa mai dabba abubuwa biyar: wurin zama mai dacewa, da abinci mai dacewa, da barin dabba ta yi halinta na dabba, da haɗa ta da 'yan'uwanta ko raba ta da su gwargwadon bukatarta, da kare ta daga ciwo da rauni da wahala. Tun watan Yuni na 2021 wanda aka kama da mugun zalunci yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 5, alhali a da bai wuce wata 6 ba. Ke nan wanda aka ƙaga wa wannan laifi ba ƙaramin abu aka jawo masa ba.

Amma fa ba dukan ƙarar banza ce ke fitowa daga mugunta ba. Da yawa jahilci ne da tausayi suka haɗu. A ƙasar Hausa doki yana turke a cikin gida, ba mai ganinsa sai wanda ya yi sallama. A Ingila kuwa dawaki a fili suke wuni, kuma hanyoyin ƙafa na jama'a sun ratsa gonaki da makiyaya, mutumin birni wanda bai taɓa riƙe ragama ba yana wucewa yana yanke hukunci. Ya ga doki da wani abu mai kama da raga rufe da idanunsa, sai ya ce an ɗaure masa ido, bai san maganin ƙuda ba ne, kuma dokin yana gani ta cikinsa sarai. Ya ga an sa wa wani takunkumi, ko an tsare shi a ƙeƙasasshen wuri ga ciyawa shar a ƙetaren shinge, sai ya ce ana kashe shi da yunwa, alhali ɗanyar ciyawar can takan jawo wa doki mai ƙiba wani ciwon kofato mai tsanani wanda kan gurgunta shi, har ya kai ga sai an kashe shi don a hutar da shi. Ya ga doki kwance warwas cikin rana, sai ya ce ya mutu, don ya ji an ce doki a tsaye yake barci, bai san barci mai nauyi sai ya kwanta ba. Tsohuwar goɗiya kuwa mai shekara 30, wadda haƙoranta suka ƙare, ko me aka ba ta ba za ta yi jikin budurwa ba. Wani ma tausayin nasa kan kai shi ya jefa wa dokin burodi ko yankakkiyar ciyawar lambu ta kan shinge, abin da kan sa doki ciwon ciki har ya halaka.

Mai sharri ya san duk wannan, kuma da shi yake fakewa. Ba ya bukatar ƙaga babban abu. Ya ishe shi ya ɗauki hoton tsohuwar goɗiyar nan ta gefen da haƙarƙarinta ya fito.

Yaya mai doki zai yi? Abu na farko shi ne ya san matsayin wanda ya zo masa. Sufeton RSPCA yana sa kayan sarki masu kama da na ɗan sanda, amma ma'aikacin ƙungiyar agaji ne, ba shi da ikon kutsawa cikin gida ko barga in mai wurin bai yarda ba, ba shi kuma da ikon kwashe dabba da kansa. Wannan iko na 'yan sanda ne da sufetocin da hukuma ta naɗa, kuma bisa al'ada sai likitan dabbobi ya shaida cewa dabbar tana cikin wahala. Duk da haka, rufe ƙofa da zagin sufeto wauta ce, don mai ƙarar abin da yake fata ke nan. Wanda ya san dokinsa lafiya yake, ya fi masa ya buɗe, ya nuna, ya rubuta sunan baƙon da ranar da ya zo da abin da ya ce. In kuwa sufeton ya fara yi masa gargaɗin nan na cewa duk abin da ya faɗa ana iya kai shi gaban alƙali, to, hira ta ƙare, shari'a ta soma, sai ya kama bakinsa har lauyansa ya iso.

Abu na biyu takarda ce. Rasidin likitan dabbobi, da ranakun da maƙeri ya zo gyaran kofato, wanda akan yi kowane mako 6 zuwa 8, da takardar sayen abinci, da fasfon dokin, don a can kowane doki yana da fasfo, da hotuna masu kwanan wata. Mai tsohuwar goɗiya in yana riƙe da wasiƙar likita mai bayyana shekarunta da maganin da take sha, ziyarar da za ta ci wuni sai ta ƙare kafin shayi ya huce.

Mai karatu zai ce, me zai hana a tilasta wa mai ƙara ya fito fili, kamar yadda mai unguwa kan zaunar da mai ƙara da wanda ake ƙara gaba da gaba? Amsar tana wata gona kusa da garin Amersham, inda cikin watan Janairu na 2008 aka kwashe dawaki da jakuna fiye da 100 a galabaice, aka tarar da gawarwakin fiye da 30. An ɗaure mai gonar, aka hana shi riƙon doki har iyakar ransa. Irin wannan wuri, ɗan barga da ke cin abinci a hannun maigida, ko maƙwabciya mai tsoron a ƙone mata rumbu, ba za su buɗe baki ba muddin za a ambaci sunansu. Ɓoye suna yana da amfaninsa. Inda aka gaza shi ne, wanda ya buga waya sau goma aka je sau goma ba a sami kome ba, bai kamata a ci gaba da amsa masa kamar wanda ya buga yau da fari ba, kuma wannan nauyi ne na masu karɓar ƙarar, tun da su kaɗai suka san muryarsa.

Zamanin intanet ya ƙara dagula lamarin, don yanzu ba sai an jira sufeto ba. Cikin watan Nuwamba na 2021 aka watsa ɗan gajeren hoton wata mata tana bugun dokinta. Kafin shekara ta fita ta rasa aikinta, ta kuma ce har barazanar kisa an aika mata. RSPCA ta gurfanar da ita, amma cikin Agusta na 2023 masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke ta. Mutum yana iya ƙin abin da ya gani a hoton nan, kuma da dalilinsa, sai dai hukuncin jama'a ya riga na kotu da kusan shekara biyu, ba kuma wanda ya ɗaukaka ƙara a kansa.

Saura dokar hana tsangwama ta 1997. Ita ta ce wanda ya bi mutum da abin da ke tayar masa da hankali sau biyu ko fiye, ana iya ɗaure shi har wata 6, kuma wanda aka tsangwama yana iya neman kotu ta yi masa iyaka da shi. Masu kai ƙara sukan kare kansu da cewa laifi suke ƙoƙarin tonawa, dokar ma ta ba da wannan mafita. Amma cikin 2013, a shari'ar Hayes da Willoughby, Kotun Ƙoli ta Birtaniya ta duba batun wani mutum da ya yi shekaru yana rubuta wa hukumomi ƙarar tsohon maigidansa, ya ƙi dainawa ko bayan sun bincika sun ce ba su ga kome ba. Kotu ta ce mafitar nan ba ta rufe wanda ya bar aiki da hankali ya koma bin zuciya ba. Shari'ar ba ta doki ba ce, amma hukuncinta ya shafi maƙwabcin nan mai buga waya. Abin da zai rage wa mai doki shi ne ya tabbatar wa 'yan sanda cewa mutum guda ne ke bayan ƙararrakin duka, kuma a nan ne littafin da ya riƙa rubuta ranaku a ciki, da kyamarar da ya kafa a bakin shinge, za su yi masa rana.