FILIN LAFIYA: Allurar Sabo da Ciwon Kirci

Wani magidanci daga Kwamba ta Suleja ya aiko mana da takarda, ya ce ɗansa mai shekara 7 yana fama da kirci a lanƙwasar gwiwa da ta hannu, yana susa har jini, ba ya barci. Ya ji labarin wata allura da ke raba mutum da ciwon, yana tambaya ko ya sayar da babur ɗinsa ya nema.

Malam, allurar gaskiya ce, amma kada ka yi gaggawar rabuwa da babur. Wasu likitoci biyu, Leonard Noon da John Freeman, su suka fara ta a London a 1911 don masu atishawa saboda garin furen ciyawa. Dabarar ita ce a riƙa ba jiki ɗan kaɗan daga abin da yake ƙi, ana ƙarawa sannu a hankali har ya saba ya daina bori. Ga masu kirci, abin da aka fi zargi wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani, mazauninsa katifa da matashin kai da darduma, abincinsa ɓawon fatarmu. A 1964 masana a ƙasar Holan suka gano ɓarnarsa.

To, ba kowane kirci ne laifin wannan ƙwaro ba. Sai an yi gwajin fata ko na jini tukuna. In an tabbatar, magani yakan ɗauki shekara 3 zuwa 5, ko allura ko ɗigo a ƙarƙashin harshe. Sai a 2023 likitocin Amurka suka ba da shawarar yin sa ga wanda ciwonsa ya yi tsanani, wannan ma da sharaɗi. Sauƙi ake samu, ba warkewa sarai ba. Kuma allurar tana iya toshe numfashi nan take, shi ya sa ake tsare mutum a asibiti rabin awa bayan kowace. Ba aikin mai kemis ba ne ko kaɗan.

Kafin nan, a riƙa shafa wa yaron man kaɗanya da zarar ya fito wanka, musamman da hunturu. Jihar Neja ba ta rasa kaɗanya ba. A bar sabulu mai ƙamshi, a yanke masa farce, a shanya katifa a rana. Mayukan nan na bututu masu kashe ƙaiƙayi suna aiki, amma in an zarce ba bisa umarnin likita ba sukan sa fata ta yi siriri. Gwagwalada ba nisa daga Suleja, ka kai shi Asibitin Koyarwa ya ga likitan fata.