Gem ɗin harba roka: wanne ya cancanci datarmu, wanne ne cin kuɗi kawai?

Yau ba sabon fim na kawo muku ba, amma maganar ba ta yi nisa da fim ba. Duk wanda ya kalli Mission Mangal na Akshay Kumar da Vidya Balan, ko Interstellar da kiɗan Hans Zimmer mai tada tsigar jiki, ya taɓa ji a ransa ina ma shi ne. To akwai gem da ke ba ka damar gwadawa, kuma ina ganin lokaci ya yi da za mu auna su.

Dalili kuwa, a watan Yunin 2024 hukumar sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin SERA na Amurka domin tura ɗan Najeriya sama a rokar New Shepard ta Blue Origin. Mutane da yawa sun ɗauka tashar ISS za a kai shi. Ina! Wannan roka tana haura kilomita 100 ne ta dawo, tafiyar duka kamar minti 11. Ita ko ISS tana nisan kusan kilomita 400, tana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, tana zagaye duniya cikin kamar minti 90. Hawa sama daban, zagaye duniya daban.

A nan ne ƙarfin waɗannan gem yake. Yaron da ya buga Spaceflight Simulator a waya ya san wannan bambanci ba sai an karanta masa ba. Ka miƙa rokarka sama ɗoɗar, mai ya ƙare, ka faɗo tim. Dole ka koyi karkata ta gefe, ka tara gudu, ka yar da tankin da ya ƙare don nauyi ya ragu. Kerbal Space Program, wanda kamfanin Squad na ƙasar Meziko ya fara fitarwa a 2011, ya fi shi zurfi, har NASA ta haɗa hannu da su a 2014. Fim yana nuna maka jarumi ya danna abu ɗaya an isa. Gem kuwa sai ka sha kaye sau goma kafin ka ga Wata kusa.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Mu nan Kurgu da sauran garuruwan Bagudo, ka bi ta Illo ko Ka'oje har Tsamiya bakin iyakar Benin, mun san yadda sabis yake wasan ɓuya da mu, ga wuta sai an kai waya shagon caji. Ƙari a kan haka, a farkon 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Gem irin su Elite Dangerous na 2014, da ba ya tashi sai da intanet da kwamfuta mai ƙarfi, mu dai sai kallo a YouTube.

Sai kuma cika baki. Star Citizen tun 2012 ake tara masa kuɗi daga hannun masoya, zuwa 2024 ya haura dala miliyan 700, amma ba a kammala shi ba. Kerbal Space Program 2 ya fito a Fabrairun 2023 bai nuna ba, aka sayar da shi kusan dala 50, a 2024 aka sallami ma'aikatan da ke gina shi. Ku tuna, kumbon Mangalyaan da Indiya ta kai duniyar Mars a 2014 kusan dala miliyan 74 ya ci, bai ma kai kuɗin shirya fim ɗin Gravity ba. Wato an kashe wa gem ɗaya kusan ninki goma na kuɗin zuwa Mars na gaske!

Shi ma Spaceflight Simulator ba tsarkakke ba ne. Hotonsa shimfiɗaɗɗe ne, manyan kayan haɗi sai ka biya, bayanin kuma ba da Hausa ba. Sannan roka ta tarwatse ka yi dariya ka sake, alhali a zahiri hasara ce ta ƙasa guda. NigComSat-1 da aka harba daga Sin a 2007 ya mutu a 2008, sai a Disambar 2011 aka maye gurbinsa.

Shawarata ita ce, kada ƙyale-ƙyalen tirela ya ruɗe ka. Fara da ƙaramin na kyauta da ke aiki ba data, kada ka sayi gem a kan alkawari. Idan kuma Baba ya ce shirme kake yi, nuna masa yadda ka zaunar da tauraron ɗan'adam a falakinsa, ka faɗa masa lissafi ne irin na darasin Fiziks. Masu yi mana fim kuma, labarin ɗan Bagudo mai burin haɗa roka yana nan yana jiranku. Mu haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu.