Ranar da Takobinmu Ya Ƙi Haske

Saura kwana biyu a yi wasan kwaikwayo, takobin kwalin da muka haɗa wa jarumi ya ƙi haske. Muka zargi batir, muka sayo sabo, shiru.

Sai muka ciro jajayen ƙwayoyin LED uku, muka gwada kowace a kan batirin CR2032 mai kama da kwabo: doguwar ƙafa a gefen +, gajeruwa a ɗaya gefen. Biyu suka kama, ɗaya ta ƙone. Da yake a jere muka jona su, ita ta tsinke hanyar wutar gaba ɗaya. Laifinmu ne, batir mai volt 9 muka sa ba resista.

Muka canza ƙwayar, muka ƙara resista mai om 220, takobi ya haska.

Ƙannenmu, ku gwada kaya ɗaya bayan ɗaya kafin kuɗin tara ya tafi a banza.