Ɗan'uwa, Me Kake Karantawa?

 

Mu mutane ne masu gaisuwa. In an tashi daga sujada ranar Lahadi, mukan tsaya a bakin majami'a mu tambayi gida, mu tambayi yara, mu tambayi mai jiki, mu tambayi damina da kasuwa. Wannan abu ne mai kyau ƙwarai. Amma akwai wata tambaya da ban cika jin muna yi wa juna ba, ita ce: me kake karantawa a kwanakin nan, ko me kake saurara? A ganina lokaci ya yi da wannan tambaya za ta shiga cikin zumuncinmu, kuma ina so in faɗi dalilina.

Bara, bayan girbi, na je ba da Jibin Ubangiji a wata ƙaramar ikilisiya ta ƙauye wadda ba ta da fasto, sai mai bishara. Bayan sujada dattawa suka kawo mini maganar wata gwauruwa cikin zumuntar mata. Ta sayar da awakinta biyu, ta aika da kuɗin ga wani mai wa'azi da ba ta taɓa gani ba, domin ya ce duk wanda ya shuka iri a hannunsa zai girbe ninki ɗari kafin shekara ta ƙare. Shekara ta ƙare, ba awaki, ba kuɗi, ga kuɗin makarantar yara. Na tambayi inda ta san mutumin. Ashe wa'azinsa aka zuba mata a memori a kasuwa, ta yi wata shida tana saurara kullum da dare. Maƙwabtanta sun sha jin muryar tana tashi daga ɗakinta. Dattawa ma sun san tana jin wa'azi a waya, har suna yaba mata. Ba wanda ya taɓa cewa, "Mama, wa kike saurara haka? Me yake koyarwa?"

Ban ga laifin matar nan ba kamar yadda na ga namu. Tana jin yunwar Maganar Allah, ta ci abin da ta samu. Mu makiyaya muna da mutanenmu sa'a biyu ko uku a mako. Sauran kwanakin, rediyo da waya da WhatsApp da Facebook ne suke yi musu wa'azi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma shirun da muke yi a kan abin da ke shiga kunnuwanmu tsagewa ce babba.

Abin da nake kira a yi yana da tushe cikin Littafi Mai Tsarki. A Ayyukan Manzanni sura 8, Filibus ya tarar da wani babban ma'aikacin sarauniyar Habasha a cikin karusarsa yana karanta littafin annabi Ishaya. Filibus bai fara da wa'azi ba. Ya fara da tambayar mutumin ko yana gane abin da yake karantawa. Daga wannan tambaya aka kai ga bishara, daga bishara aka kai ga baftisma. A Kolosiyawa 4:16 Bulus ya umarci ikilisiyar Kolosi, in sun gama karanta wasiƙarsa su miƙa ta ga ta Lawudikiya, su kuma su karɓi wadda ke can su karanta. Wato tun farko masu bi suna musayar abin karatu. A 2 Timoti 4:13, Bulus yana kurkuku, ya tsufa, yana ganin ƙarshensa ya kusa, duk da haka ya roƙi Timoti ya kawo masa littattafansa tare da rigar da ya bari a Taruwasa. Mutanen Biriya kuwa, a Ayyukan Manzanni 17:11, an yabe su domin sukan auna abin da aka koya musu da Nassi kowace rana, ko da yake manzo ne mai koyarwar.

Mu tuna kuma da tsadar abin da ke hannunmu. Tun a 1880 aka buga Sabon Alkawari da Hausa, aikin J. F. Schön. Sai a 1932 aka sami cikakken Littafi Mai Tsarki, bayan wahalar shekaru da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha. An sake fassara shi a 1979. Kakanninmu da yawa sun koyi karatu ne domin wannan littafi kaɗai. A ƙauyuka da dama kwafi ɗaya ne ake da shi, wanda ya iya karatu ya zauna a gindin itace ya karanta, sauran su saurara, a tattauna har a kashe fitila. Da rediyo ta zo, haka aka yi. Tashar ELWA ta fara aiki daga Laberiya a 1954, Muryar Bishara kuma daga Addis Ababa a 1963 har gwamnatin soja ta Habasha ta karɓe tashar a 1977. Mutane sukan taru a kan akwatin rediyo ɗaya su ji shirin Hausa, in an gama kowa ya faɗi abin da ya ji. Ba wanda yake ji shi kaɗai. Yau kowa yana da tasharsa a aljihu, da abin toshe kunne. Mun sami yalwa, mun rasa taron gindin itace.

Ga amfani uku da nake gani in muka komo ga faɗa wa juna abin da muke karantawa.

Na fari, kariya ce. Koyarwar da aka fito da ita fili tana da sauƙin aunawa. Da matar nan ta kunna wa'azin a taron zumuntar mata ko sau ɗaya, da an sami wadda za ta ce a dakata a duba Nassi. Ina tuna wani saurayi ɗan sakandare da ya zo wurina da wata ƙasida da abokan karatunsa suka ba shi, cike da tambayoyi a kan Allahntakar Almasihu da sahihancin Linjila. Ya yi makonni yana fama da ita a ɓoye, yana tsoron a ce ya ja da baya. Da ya kawo ta, muka zauna muka bi ta shafi shafi. Wasu tambayoyin na amsa nan take, wasu sai da na koma na yi bincike. Yau yana koyarwa a makarantar Lahadi, kuma yana zama lafiya da abokan nan nasa, yana amsa musu cikin ladabi. A wuraren da muke 'yan kaɗan, yaranmu za su gamu da irin waɗannan tambayoyi a aji da kasuwa da wurin aiki. Gara su kawo su gida.

Na biyu, tattali ne. Littafi ya yi tsada, kuma yawancinmu muna nesa da shagunan littattafan Kirista irin na Jos da Bukuru. Amma in aka bincika gidajen ikilisiya ɗaya, za a tarar da littattafai masu kyau kwance cikin akwati, gara tana ci. Dattijo yana da tarihin ikilisiya, malamar makaranta tana da littafi a kan tarbiyyar yara, wani yana da sharhi da ya gada daga mahaifinsa, ba wanda ya san abin da ke wurin wani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Littafi ɗaya in ya zaga gida goma, ya zama littafi goma.

Na uku, ƙarfafawa ce. Sau da yawa abin da ya ta'azantar da kai cikin makoki shi ne abin da ɗan'uwanka yake bukata yau. John Bunyan ya rubuta labarinsa na matafiyi mai neman Birnin Sama yana tsare a kurkukun Bedford a Ingila saboda wa'azi, aka buga shi a 1678. Mai bi da aka hana shi fili ya gina majami'a, ko aka ƙi ɗaukar ɗansa aiki saboda sunansa, in ya ji wannan labari zai san ba a kansa aka fara ba.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma ba na raina hujjarsu.

Wani zai ce Littafi Mai Tsarki ya isa, me za mu yi da wasu littattafai? Gaskiya ne ya isa domin ceto da zaman ibada, kuma shi ne ma'aunin kowane littafi. Amma Bulus da ya tsaya a Atina ya kawo maganar mawaƙan Helenawa cikin wa'azinsa, alamar ya san rubuce-rubucensu. Daniyel ya koyi littattafan Babila bai ƙazantu ba. Kuma ko mun so ko mun ƙi, mutanenmu suna karanta wasu abubuwa. Abin da ya rage shi ne mu sani ko kada mu sani.

Wani zai ce wannan zai zama leƙen asiri, dattawa su zama 'yan sanda. Wannan haɗari ne na gaske. In dattijo ya yi tambaya domin ya sami abin horo, sau ɗaya za a gaya masa gaskiya, daga nan sai ɓoyo. Maganinsa shi ne babba ya fara faɗin nasa. Kuma wanda ya kawo littafi mai kuskure a gode masa, a duba tare, kada a kunyata shi a gaban jama'a.

Wani kuma zai ce, ina waɗanda ba su iya karatu ba? Ashe ba za a bar su a baya ba? Sam. A zamanin Ezra, cikin Nehemiya sura 8, mutum ɗaya ne ya karanta, jama'a suka saurara tun safe har tsakar rana, Lawiyawa suna bayyana ma'ana. Wahayin Yahaya 1:3 ya sa albarka a kan mai karantawa da masu ji baki ɗaya. Yau akwai Sabon Alkawari da Hausa cikin murya, ana iya sa shi a waya ko a ƙaramar rediyo mai memori. Tsohuwar da ta saurari Bisharar Markus tana surfe tana da abin faɗa daidai da mai digiri. Sau da yawa ma ta fi mu riƙewa.

Tun da na ce babba ya fara, bari in faɗi nawa. A yanzu ina sake karanta littafin marigayi Dokta Byang Kato mai suna Theological Pitfalls in Africa, wanda ya fito a 1975, shekarar da ya rasu a teku kusa da Mombasa yana ɗan shekara 39. Ɗan Kwoi ne, a kudancin Kaduna. Ya yi gargaɗi a kan garwaya bishara da addinin gargajiya, da koyarwar cewa kowa zai tsira ko ta wace hanya. Na fara karanta shi ina ɗalibi a makarantar tauhidi, na haɗiye shi duka. Daga baya na karanta Kwame Bediako na Gana, wanda yake ganin Kato ya tsananta wa al'adun Afirka fiye da kima. Yanzu ina karanta su biyun ina aunawa, kuma ina ƙaruwa. Domin shirin wa'azi ina amfani da sharhin Littafi Mai Tsarki da masanan Afirka 70 suka rubuta, wanda ya fito da Turanci a 2006 a ƙarƙashin jagorancin Dokta Tokunboh Adeyemo. A kan hanya ina sauraron Bisharar Luka. Da dare kuma ni da 'yar autata muna karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam, domin Hausarta ta gyaru, mu kuma yi dariya tare. Ban ga zunubi a cikin wannan ba.

Ga shawarata ga majalisun dattawa. A keɓe minti 15 sau ɗaya a wata, a taron addu'a na tsakiyar mako ko a zumuntar mata, ta maza da ta matasa. Mutum biyu ko uku su tashi, kowa ya faɗi abu uku: me nake karantawa ko saurara, me na koya, me ya dame ni a ciki. A sami akwati ɗaya mai makulli a majami'a da littafin rubuta sunayen masu aro, a danƙa wa mutum mai aminci. Wanda ya ari littafi ya mayar, domin riƙe littafin aro ba tare da niyyar mayarwa ba sata ce, ko da littafin addu'a ne. Duk wa'azin da za a tura wa jama'ar ikilisiya ta waya, mai turawa ya saurare shi har ƙarshe tukuna. Iyaye kuma su tambayi 'ya'yansu abin da suke ji, su zauna su ji tare da su ko na minti goma. Ba a bukatar kuɗi ko izini daga hedikwata kafin a fara.

Gwauruwar nan, ikilisiyarta ta yi karo-karo ta saya mata akuya ɗaya. Mai bishara ya zuba mata Sabon Alkawari a memorin nan, yanzu mata huɗu suna taruwa a ƙofar ɗakinta ranar Alhamis da yamma su saurari sura ɗaya su tattauna. Da mun yi tambaya da wuri, da awakinta biyu suna nan.

Saboda haka ranar Lahadi mai zuwa, in ka gama tambayar gida da yara da gona, ka ƙara tambaya ɗaya. Ka kuma shirya taka amsar, domin za a mayar maka da ita.

Ubangiji ya ba mu kunnen ji da zuciyar rarrabewa, ya tsare garkensa a duk inda yake. Amin.