Nana Asma'u ba ita kaɗai ba ce

A tambayi 'yar firamare a Dalijan sunan wata gwarzuwa ta tarihi, da wuya ba ta ce Nana Asma'u ba. A ce ta faɗi sunan aminiyarta, sai ta yi zuru. Laifinmu ne. Mun amince cewa mace ba ta shahara sai ta fita zakka a cikin mata, taron mata kuwa tsegumi ne da gulmar kishiya. Shi ya sa in an tashi ba yara labarinta, a aji ko a ɗan littafi mai hotuna, sai a nuna ta zaune ita kaɗai da allo da tawada, kamar daga sama ta faɗo.

Wannan rage tarihi ne. 'Yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, babban aikinta 'Yan Taru ne, kuma sunan ma ya isa hujja. Ita ke naɗa jajoji, dattijan mata, ta aza musu malfa da jan rawani, su kuma su jagoranci matan ƙauyuka zuwa wurinta a ƙafa, su haddace waƙoƙin karantarwa, su koma su koyar a tsakar gida. Ga malfa, ga jan rawani, ga ayarin mata a kan hanya: mai zane me kuma yake nema? Da aminiyarta A'isha, matar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ta rasu, Asma'u ta yi mata marsiyya. Bayan ita ma ta kwanta dama, ƙanwarta Maryam ce ta riƙe tafiyar.

Haka Hajiya Gambo Sawaba. Kowa na ambaton ɗaure-ɗauren da ta sha a gwagwarmayar jam'iyyar NEPU, ana mantawa ta niƙi gari har Abekuta wurin Funmilayo Ransome-Kuti.

Yarinyar da aka nuna wa gwarzuwa tilo za ta ce ai wannan 'yar Shehu ce, ina ni ina ita. Wadda aka nuna wa jaji kuwa, za ta ga mai kama da kakarta.

Marubuta da masu zane na Kebbi da Sakkwato, a yi mana littafin yara da Hausa, a sa A'isha a gefen Asma'u tun daga bango.